Jirin da Ya Hana Ni Faɗuwa Dama

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara gaba ɗaya. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ja da ranta, ya ji ƙan Baba, ya sa yana hutawa. Na ji an ce ɗanki Sarkin-Kuka ya fara takawa har yana bin kaji, Allah ya raya mana shi. Ni ma ina nan, ana ba mu abinci har mu ƙoshi, ina kwana a kan katifa, ina yin salla a kan lokaci, kuma ba na yawo da kowa. To Yaya, iya nan za ki karanta wa Inna. Ki naɗe takardar ki ce mata ta ƙare. Abin da ke ƙasa naki ne ke kaɗai.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da biro ba mu taɓa shiri ba. Na so in kira ki a waya, amma ɗakinmu a cike yake da mutane, ko tari ka yi sai wani ya tambaye ka da wa kake. Kuma na san da kin ɗaga Inna za ta miƙo hannu ta karɓe, ita kuwa daga sallamata take gane abin da ke cikina. Shi ya sa na sami kwali na ɗora a gwiwa, na zauna bayan ɗakin ajiye kaya ina rubuta miki. Yaya, tsoro nake ji. Tun da na zo duniya ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Kin san kulob ɗin ƙwallon nan ba su ɗauke ni ba tukuna, gwaji ne suka kira ni, su ga ko zan iya zama golansu na biyu. Tun ranar da na iso da jakata suka sa mini suna Ɗan-Tsako, wai wuyana dogo kuma ina kallon komai baki buɗe. Gadajenmu masu hawa biyu ne, kuma dokar ɗakin ita ce sabon zuwa shi ke kwana a sama. Akwai babban gola, ana ce masa Tsoho, mutumin kirki ne, shi ke koya mini aiki. Akwai wani ɗan gaba gajere, Barkono, shi ke kwana a ƙasana, bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci. Sai koci, wanda ba ya dariya, ba ya faɗa, sai dai ya harɗe hannu yana kallonka har ka manta yadda ake tafiya. Da farko abin yana tafiya daidai. Har na ji Tsoho yana ce wa wani wai yaron nan yana da hannu.

Wata rana a tirenin aka bugo ƙwallon kwana, na fito zan doke ƙwallon da dunƙule, sai wani ya ture ni a sama, ƙeyata ta daki ƙarfen raga. Na ji ƙau, na ga wuta. Mai tausarmu ya rugo ya kwara mini ruwa ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, don wanda yake gwaji ba ya cewa komai sai lafiya lau. Tsoho ya ɗaga ni yana cewa golan da bai taɓa gaisawa da ƙarfe ba ai bai fara aiki ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, muka ci gaba. Ƙulu ya fito mini, bayan kwana kaɗan ya sace, na manta da zancen.

Sai wata safiya, an buga mana ƙofa mu tashi, na juya ta hannun dama zan sauko. Yaya, ɗakin nan ya kama juyawa. Ba irin jirin da mutum yake ji in ya miƙe da sauri ba. Rufin ɗakin ne ya gangaro gefe, tagar ta hau sama, gadon ya zama kamar an ɗaga ƙafarsa ana son a zubar da ni. Na rungume ƙarfen gadon na runtse ido, amma ko a cikin duhun idona ana ta juya ni. Zufa ta keto mini, amai ya taso. Ban san na yi ihu ba sai da na ji Barkono yana dukan katifata daga ƙasa yana tambaya ko ɓera ne ya hau ni. Kafin in iya ba shi amsa abin ya tsaya cak, kamar an kashe fanka. Na sauko, na ce mafarki na yi.

Abin da ya fara faɗo mini a rai Baba ne. Ni ina ƙarami lokacin, amma ina tuna ranar da ya dafa ƙyauren ɗaki yana cewa bango yana tafiya, ke kika riƙe shi, daga baya bakinsa ya karkace, hannun ya mutu. Tun daga safiyar nan na zama mai duba baki. In na wuce taga sai in tsaya in yi murmushi in ga ko ɓangarorin biyu suna ɗagawa tare. In ina zaune sai in matse hannun dama, in matse na hagu, in ji ko ƙarfinsu ɗaya. In faɗi sunana a hankali in ji ko harshena ya yi nauyi. Barkono ya kama ni ina yi wa gilashin taga murmushi, ya shelanta wa ɗaki wai Ɗan-Tsako ya yi budurwa kuma ita ce shi kansa.

Abin bai tafi ba. Ya dawo da na sunkuya ɗaura takalmi. Ya dawo a ruku'u, har na dafa na kusa da ni a sahu ya zaci ture shi nake. Da 'yan ɗaki suka lura ina tafiya ina dafa bango, kowa ya zama likita. Wannan ya ce yunwa ce, in ƙara loma. Wancan ya ce jinina ne ya yi ƙasa. Wani ya rage murya ya ce ko dai na taka wani abu a filin, in daina tsayawa ƙarƙashin bishiyar da ke bayan raga. Duk na bi, har bishiyar na daina kallo, ba abin da ya canza. Amma da kaina na gane abu ɗaya, sai na kwantar da kaina ta dama ko na ɗaga shi sama ta wannan ɓangaren yake zuwa. Ta hagu ba komai. Sai na koma kwana ta hagu, na sa jakata a bayana don kada in juya cikin barci. In an kira ni sai in juyo da jikina duka kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa.

To amma ki duba aikina, Yaya. Gola aikinsa faɗuwa ne. Ka faɗi hagu, ka faɗi dama, ka tashi ka sake. Ni kuma ga shi ƙasa ta dama ta zame mini rami. Na rasa wanda zan gaya wa. Na ce in na buɗe baki, washegari za a miƙo mini jakata, ga yara nan birjik a bakin fili suna jiran gurbin. In dawo gida in ce wa Inna me? In ce jiri ya koro ni, kamar mai sabon ciki? Sai na yi wata dabara wadda a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce. Akwai abin da Tsoho ya koya mini, kafin a fara wasa gola yana jan layi da dunduniyarsa daga tsakiyar raga zuwa gaba, don in ya fito ya san inda tsakiya take ba sai ya waiwaya ba. Ni sai na riƙa jan nawa layin a karkace, na matsar da shi wajen ƙarfen dama. Kin gane, in na tsaya can, duk ƙwallon da ya zo dama yana kusa da ni, ƙafa kawai zan miƙa ko in sa hannu ina tsaye. Wanda ya tafi hagu kuwa sai in tashi sama in bi shi da duk ƙarfina.

Wallahi dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci, har ta jawo mini yabo. Da yake hagun ta yi faɗi, sai na riƙa yin irin tsallen nan mai kyau da mutane ke so, 'yan kallo a bakin wayar da ta kewaye fili suna tafi suna cewa kyanwa. Ni kuwa na san ba gwaninta ba ce, gudu nake yi. Barkono ne ya fara ganowa, ɗan gaba ai idonsa a ƙafar gola yake. Ya fara tsokanata wai na auri ƙarfen dama ne ban gayyace su ba, kullum muna manne kamar ango da amarya. Daga nan ya daina buga mini mai ƙarfi, sai ya riƙa gangaro ƙwallo a hankali ta ƙasa can kusurwar dama yana kallon idona. In kai ƙafa, wani in tare, wani ya wuce. Yana dariya, amma na ga dariyar tana raguwa.

Ranar da asirina ya tonu wasa muke tsakaninmu, koci yana tsaye a gefe. Aka ɗago wani ƙwallo sama ta damana, irin wanda ko yaro zai cafke. Ba yadda zan yi, na ɗaga kai na bi shi da ido. Shi ke nan. Sama ta koma ƙasa, ragar ta zo ta gefe, na ga ƙwallo ya zama uku yana zagaya rana. Na ji ni a cikin raga, na cusa yatsuna cikin ciyawa na riƙe ƙasa da hannu biyu don kada ta jefar da ni. Ina jin dariya daga nesa, sai na yi amai a gaban kowa, dariyar ta ɗauke. Tsoho ya zo ya dafa bayana yana cewa kada kowa ya ɗaga ni. Ni kuwa abin da nake ta tambayarsa shi ne ya duba bakina, ya karkace ko bai karkace ba. Bai gane ba, ya ce bakina yana nan inda na bar shi.

Koci bai zo wurina ba da farko. Wurin layina ya je. Ya tsaya a kansa, ya dubi ƙarfen dama, ya dubi na hagu, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya zo ya tsuguna ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa komai, ina magana ina kuka kamar ba namiji ba. Ya ce shi bai taɓa korar yaro don ya yi rashin lafiya ba, amma kuma bai taɓa ganin inda aka kafa rabin raga don rabin gola ba. Ya ce abin da ya fi ɓata masa rai shi ne na bugu a kai na ci gaba da shiga tsakanin ƙafafun mutane ban faɗa ba. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi safar hannuna, ba zan sake sa ta ba sai likita ya yarda. Yaya, da na cire safar nan ji na yi kamar fatata nake cirewa.

Mai tausa ne ya kai ni asibiti, wajen wata likita mai duba kunne. Na yi mamaki, na ce masa ni kunnena lafiya yake, kaina ne ya lalace. Ta auna jinina, ta sa na taɓa hancina da yatsa, na yi tafiya a kan layi, na matse hannunta, na washe haƙora. Na ba ta labarin Baba. Ta saurara sosai, ba ta katse ni ba. Sai ta ce in hau gado, za ta juya kaina dama ta kwantar da ni da baya da sauri. Yaya, abin da na yi makonni ina gudu, shi matar nan take so ta yi mini da gangan. Na ce mata don girman Allah ta ba ni ƙwaya ko allura ko guda nawa ne, amma ban da wannan. Ta ce in ba ta ga jirin da idonta ba, ba za ta san inda yake ba, kuma in bar idona a buɗe komai wuya. Mai tausa ya riƙe ƙafafuna. Ta kwantar da ni. Na ɗan ji shiru har na ce ko ya tafi, sai ya zo gaba ɗaya, ya fi na kullum. Na yi kalmar shahada, na kira Inna da ƙarfi a gaban mutane. Ita kuwa likitar ta sunkuyo tana kallon ƙwayar idona, sai na ji ta ce yauwa, ga shi nan, kamar wadda ta tsinci abin da ta yar.

Da ya lafa ta yi mini bayani. Wai can cikin kunne, inda tsinke ba ya kaiwa, akwai wurin da ke gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa, kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin duwatsu a ciki waɗanda kowa da su aka haife shi. Bugun da na yi ne ya sa wasu suka ɓalle suka faɗa wata hanya da ba tasu ba, to duk sanda na karkata dama sai su gangara, kunnen ya yi wa kaina ƙarya cewa ana juya ni. Ni da na ji duwatsu na ɗauka yashin fili ne ya shige mini, na ce ko in karkata in bubbuga ɗaya kunnen su zubo. Mai tausa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ba fitar da su ake yi ba, gida ake mayar da su. Ta riƙe kaina da hannu biyu ta riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, ta tsaya, ta ƙara, ta mirgina ni, sannan ta zaunar da ni. Sai da na koma aka sake yi kafin ya daina zuwa. Game da Baba kuwa ta ce abin da ta gani a idona na kunne ne, jinina kuma lafiya, amma ta gaya mini alamomin da in na gani kada in jira kowa.

Bayan nan na yi kwanaki ina jin kamar a kan katifa nake tafiya. An hana ni fili, sai wasu motsin kai da ido da ta koya mini nake yi a ɗaki, 'yan ɗaki suna kwaikwayona suna cewa ƙadangare ya zo gaisuwa. Barkono ya kwashe kayansa ya koma gadon sama ya bar mini na ƙasa. Na yi masa godiya ya ce in riƙe godiyata, shi dai ba ya son a yi masa amai a ka ne.

Jiya aka mayar mini da safata. Likita ta yarda, amma ta gaya mini gaskiya, abin yana iya dawowa wata rana, in ya dawo in je a sake mayar da su, kada in ɓoye. Koci da kansa ya ja layi a tsakiyar raga da takalminsa, ya ce in tsaya a kai. Ya jera ƙwallaye a gaban Barkono, ya ce duk dama zai buga, ta ƙasa, kuma ni ma na ji da kunnena. Yaya, na san inda ƙwallon zai bi, an gaya mini, amma da ya bugo sai na tsaya kamar an dasa ni. Na biyu ma haka. Kaina yana cewa faɗi, jikina yana cewa ba da ni ba. Ina jin idon kowa a kaina. Na ce shi ke nan, jirin ya tafi amma ya tafi da ni.

Sai Tsoho ya shigo ya ce wa koci a ba shi yaronsa. Ya durƙusar da ni a kan gwiwa kamar ɗan da ake fara koya wa tsaron raga, ya riƙe ƙwallo a hannu ya ce in kwanta dama kawai, ba tsalle, kamar zan yi barci. Na runtse ido, ya ce in buɗe. Na kwanta. Na jira. Ba abin da ya motsa. Muka sake, muka sake, daga gwiwa zuwa tsugune, har ya koma gefe ya ɗaga wa Barkono hannu. Ya bugo, na yi bismilla na jefa kaina. Na makara, ƙwallon ya bi ta ƙarƙashin hannuna ya shige raga. Amma Yaya, ƙasa ta tsaya. Ina kwance a kan kunnen dama, ina ganin ƙarfe a tsaye, bishiya a tsaye, takalman mutane a tsaye. Ban san sanda na fara dariya hawaye yana zuba ba. Koci ya ce tun da yake bai taɓa ganin golan da aka ci yana murna ba. Daga baya ya ce ya ƙara mini lokacin gwaji zuwa ƙarshen wata, in ya ga hannun dama ya kamo na hagu zan zauna, in bai gani ba zai gaya mini a gabana.

To ga inda nake. Ba a ɗauke ni ba, ba a kore ni ba. Kuma kada in yi miki ƙarya, tsoron bai fita ba. Kullum da safe in na buɗe ido sai na tsaya ina kallon ƙasan gadon Barkono, ina jira in ga ko zai motsa, kafin in yarda in juya. Yau ma a tirenin na duba ƙasa na ga ƙafafuna sun saci hanya sun matsa dama ba da sanina ba, sai da na jawo su na mayar kan layi. Abin da nake roƙonki, ke da kika yi jinyar Baba, ki rubuto mini yadda nasa ya fara, kada ki rage komai don ki kwantar mini da hankali. Shin in ya juya a shimfiɗa ne yake zuwar masa ya tafi, ko kuwa zuwa ɗaya ya yi? Na yarda da likita, amma sai na ji daga bakinki zan daina yi wa taga murmushi.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce takalmin da ya ba ni yana nan yana aiki. Ki gaida Goggo da Kawu, da Uwar-Surutu, ki shafa mini kan Sarkin-Kuka. Inna kuwa ki ce ta ƙara sa ni a addu'a daga nan zuwa ƙarshen wata. Na san za ta tsare ki da ido ta ce me ya faru. Kada ki yi mata ƙarya, kada kuma ki faɗa mata duka. Ki ce mata autanta yana nan lafiya, faɗuwa yake koyo.

Wassalam, naki har kullum,
ƙaninki Auta